Wasiƙa zuwa ga ɗana kan wata kalma a takardar ɗaukarsa aiki

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kamar yadda muke nan lafiya lau. Hoton takardar ɗaukar aikin da ka turo ya iso, na karanta sau biyu. Allah Ya sanya albarka. Sai dai kafin ka sa hannu ina so mu tsaya a kan kalmar compensation, domin na ji ka gaya wa mahaifiyarka cewa albashinka naira dubu 300 ne a wata, alhali ba haka takardar ta ce ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta a auna abu biyu a sikeli har su yi daidai. Shi ya sa mai jin Turanci yake amfani da ita a wuraren da mu muke da kalmomi daban-daban: albashi, lada, diyya, ramuwa. Bahaushe ba zai taɓa kiran albashinsa diyya ba, amma Turanci ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya. Duk inda ka gan ta, fara tambayar kanka wace ce ake nufi.

A takardarka an rubuta total compensation, naira miliyan 3.6 a shekara, kai kuma ka raba gida 12. To, wannan adadi shi ne duk abin da kamfani zai kashe a kanka, ba abin da zai shiga aljihunka ba. Buɗe shafi na biyu ka bi layin da yatsa. Ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri sun tashi miliyan 2.4, wato dubu 200 a wata. Akwai dubu 240 na fansho, kashi 10 cikin 100 da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki. Wannan asusun fanshonka zai tafi kai tsaye, ba za ka gan shi a ƙarshen wata ba. Dubu 120 na inshorar lafiya ne, kamfanin inshora za a ba. Alawus na hutu dubu 140 da albashin wata na 13 dubu 200 sau ɗaya suke zuwa a shekara. Sauran dubu 500 ɗin garaɓasa ce da aka rataya a kan ƙwazo, kuma sun sa up to a gabanta, ma'ana iyakar abin da za a iya ba ka ke nan. Ana iya ba ka rabi, ana iya hana ka ɗungurungum, ba su saɓa alkawari ba.

Daga dubu 200 ɗin nan za a cire naka kason fanshon, kashi 8 cikin 100, dubu 16. Saura dubu 184, sannan haraji ya ɗebi nasa. Da wannan za ka yi lissafin haya da abinci da kuɗin mota. Wanda ya kama ɗaki da lissafin dubu 300, tun wata na uku zai fara bin abokai da 'yar murya. Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata su ba ka net na wata, wato abin da zai faɗo asusunka bayan an cire komai, kuma a rubuce.

Za ka ga remuneration a wani sakin layi. Ita ladan aiki kawai take nufi, ba ta shiga hurumin diyya. Mutane da yawa suna juya haruffan su ce renumeration, har a takardun ofis. Kada ka bi su.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda ta yi kusa da diyyarmu, kuma ita na fi so ka riƙe, tunda aikinku akwai shiga ma'ajiyar kaya da hawa hanya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya. Daga aljihunsa zai fitar, bai halatta ya cira daga naka ba. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko aikin ya jawo masa ciwo, daga nan ake biyansa, kuma ba sai ya tabbatar da cewa laifin kamfani ne ba. Abin da ke kashe haƙƙin mutane shi ne lokaci. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, su kuma kwana 7 su kai rahoto hukumar, shigar da buƙatar diyya kuma cikin shekara ɗaya. Sai ka ga mutum ya faɗi daga kan tsani, kunya ta hana shi magana, ya tafi wajen mai ɗori ya yi shiru. Bayan wata takwas ƙugu ya ƙi, ya zo nema, babu katin asibiti, babu rahoto, babu shaida. Allah Ya kiyaye, amma in ta faru, asibiti tukuna, sannan sanarwa a rubuce da kwanan wata, ka riƙe kwafi.

A irin wannan lokaci ne ake miƙo wa mutum takarda mai ɗauke da ex gratia. Wannan ba diyya ba ce, ihsani ne, kamar su ce mun ba ka don tausayi, ba don kana bin mu ba. Karɓarsa ba laifi. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce full and final settlement. In ka sa hannu a ƙarƙashinta ka yarda an gama magana, kuma da wuya ka sake buɗe ta ko da ciwon ya dawo. Kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka ita. Kai wa lauya ya duba.

Haka abin yake a maganar fili. Idan gwamnati ta karɓi ƙasa don titi ko makaranta, mutanenmu suna jin an ce compensation sai su zaci kuɗin filin za a biya yadda yake a kasuwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce abin da aka yi a kan ƙasar ake biya: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Shi ya sa ranar da masu ƙiyasi suka zo ƙirga mangwaro da dabino, dole mai gona ya kasance a wurin. Itacen da bai shiga takardarsu ba, ya tafi.

A hirar yau da kullum kuwa kalmar tana sauka ƙasa sosai. Abokin aiki zai ce zai zo ranar Asabar to compensate, yana nufin zai rama ranar da bai zo ba, babu maganar kuɗi. 'Yan siyasa in suka ce an yi compensating wani, muƙami aka ba shi don a share masa hawayen faɗuwa zaɓe. Wani kuma a bakin ofis zai ce maka "compensate me", wannan na goro yake nema, ka san yadda za ka yi ka wuce.

Ka tambaye su ko suna zuba na NSITF, da sunan kamfanin fanshon da za a buɗe maka asusu. In amsar ta zo, turo mini mu duba tare kafin ranar Litinin. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam,
Mahaifinka