Zan Sa Hannu a Takardar da Za Ta Raba Ni da Waƙoƙina?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ni matashi ne mazaunin Zariya, sana'ata waƙa, kuma na faro ta ne a matsayin ɗan amshi tun ina makarantar sakandare. Yau da ita nake ci da kaina, da ita kuma nake taimaka wa mahaifiyata wajen karatun ƙannena.

Mafi yawan abin da nake samu daga bukukuwan aure yake fitowa. Dangin amarya kan kawo mini sunayen ango da amarya da iyaye da ƙawaye a rubuce, in ɗora su a kan karin da na saba da shi, in rera ranar kamu ko a wurin dina, a yi mini liƙi, in raba da mai fiyano da 'yan amshi. Ban raina wannan aiki ba, domin shi ya rufa mini asiri, sai dai da zarar an kai amarya ɗakinta babu mai sake neman waƙar sai masu bikin. Waƙoƙin da zuciyata take kansu suna cikin wani littafi da nake rubutu da daddare, kamar wadda na yi wa 'yan ci-rani masu barin gida bayan girbi su nufi Legas, da wadda na yi wa iyaye mata masu suyar ƙosai tun asuba.

Kwanakin baya wani mai sitidiyo a Kano ya ji baitin ɗaya daga cikinsu a TikTok, ya kira ni. Ya ce zai ɗauki waƙoƙin duka, da kiɗa da tace murya da bidiyo, ba tare da na biya ko kwabo ba. Amma takardar da ya ba ni ta ce waƙoƙin sun zama mallakar kamfaninsa ɗungurungum, a shafinsa za a ɗora su a YouTube da Audiomack da Boomplay, yana da ikon sayar da su ga masu shirya fim, ni kuwa sunana kawai zai fito. Ba a ambaci wa'adi ba, ba a kuma ambaci kasona ba.

Wani abokina mai karatun lauya ya bayyana mini cewa a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, mallakar waƙa ba ta komawa hannun wani sai a rubuce, kuma haƙƙin marubucinta yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Wannan ya tayar mini da hankali, domin ke nan abin da zan sallama har da rabon 'ya'yan da ban haifa ba tukuna. Ta ɗaya ɓangaren kuma, YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla sai shafi ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, nawa kuwa bai kama hanya ba. Abokan sana'ata suna cewa da babu gara ba daɗi, in karɓa in yi suna tukuna. Mahaifiyata ta ce in yi istihara, kuma ina yi.

Malam, mutumin nan ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kuma karrama ni. Ta wace hanya zan nemi a sa wa'adi da kaso a takardar ba tare da ya ɗauka na yi masa butulci ba? Ya dace in fara kai ta wurin lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka? Ko kuwa in haƙura, in riƙa tara kuɗin liƙi ina ɗaukar waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya da kaina, ko da zai ɗauki shekaru? Ya ce yana jiran amsata kafin azumi.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraronka daga Zariya