Ba Ƙafarsa Ce Ke Damuna Ba

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ya aiki, ya hidimar gida? Mu nan sai godiyar Allah. Babanka na gaishe ku, gwiwar tasa ta yi sauƙi har ya koma fita masallaci da asuba.

Na rubuto maka ne maimakon in kira, don na san halinka a waya. Kana "to Inna, to Inna", hankalinka kuwa yana wani wuri. Ka karanta a natse, ka miƙa wa matarka ita ma ta karanta.

Tun da kuka koma Kaduna bayan Sallah, sau uku kana kirana a kan magana ɗaya: maigidana ya cika wata 15 bai taka ba, ga kuma 'yar gidan ƙanwarka, wadda ya girma da wata huɗu, tana zagaye gida. Na san inda abin ya samo asali. Ina zaune gwaggonka ta ɗaga shi ta girgiza ƙafafunsa, ta ce, "Ƙato da kai har yanzu rarrafe? Ku dai nemi taimako." Na ga yadda fuskar matarka ta canza, ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba sai bayan la'asar. Gwaggonka ba da mugun nufi ta faɗa ba, bakinta ne ba shi da linzami tun tana budurwa.

Kwana shida kuka yi a gidan nan. Kai ka ƙare su wajen kallon hawa da zagayen abokai, ni kuwa a tsakar gida na yi su, idona a kansa. Ranar Laraba da hantsi ya rarrafa har gindin turmi, ya kama bakinsa ya miƙe. Daga nan ya dafa bango yana jan ƙafa gefe-gefe har ya kai bakin madafi. Sai ga kazar nan mai 'ya'ya ta gifta. Ya saki hannu ɗaya ya nuna ta da yatsa, ya waiwayo ya dube ni don ya ga ko na gani, ya ce "kaka!" Har na fara murna wai ango ya kira amaryarsa, ashe kazar yake nufi. Da ya gaji ya durƙusa a hankali ya zauna, bai faɗi tim ba. Yaron da ke miƙewa da kansa, yana bin bango, yana iya sakin hannu ɗaya, to tatata ce kawai ta rage masa.

Shekarun da na yi a ɗakin awo ina ɗora yara a sikeli ba su tafi a banza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana, ta fitar da sakamako a 2006: wani yaron yana tafiya shi kaɗai tun yana wata takwas da 'yan kwanaki, wani sai ya kusa wata 18, kuma dukansu lafiyayyu ne. Wasu ma ba sa rarrafe sam, da gindi suke ja har su tashi. Kai kanka sai da ka haura wata 16. A babban gida aka haife ka, cikin birni, daga bayan wannan sai bayan waccan, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa sai lokacin wanka. Yau ga ka nan ba a iya tsayar da kai wuri ɗaya.

Saboda haka ku ba shi zuwa wata 18. In ya kai bai taka ba, ko kafin nan kuka ga yana jan ƙafa ɗaya, ko jikinsa ya sanƙare ko ya saki laƙwas, ko ya daina wani abin da ya riga ya iya, to ku kai shi wurin likitan yara, ba gidan mai magani ba. In ka fi natsuwa da nan, ka kawo shi in raka ku asibitin Shika ko na Banzazzau. Keken nan na roba da ake zaunar da yaro a ciki, wanda ka ce za ka saya, ka bar kuɗinka. Ba ya koyar da tafiya, sai dai ya kai yaro bakin murhu ko matakala kafin uwarsa ta juyo. Na katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke turawa a tsaye, ya fi shi. Abin da ya fi duka kuwa a sauke shi daga baya a bar shi a ƙasa ba takalmi.

Yanzu bari in zo ga abin da ya hana ni barci, don ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki.

A kwana na huɗu ya yi gudawa sau biyar kafin azahar, jikinsa kuma da zafi. Na tambaye ka, ka ce da ni, "Haƙori ne, Inna," kana ɗaura agogo za ka fita. Ban tanka maka ba saboda baƙi. Amma wannan kalma ta "haƙori ne" ni na san kuɗinta.

Kana shekara uku lokacin, ba ka yi wayo ba. Ƙanwarka ta farko tana wata goma sha ɗaya, 'yar ɓul-ɓul da ita, ta fara kama abu tana tsayawa. Ta fara gudawa ranar Juma'a. Kowa a gidan ya leƙo ya ce haƙori ne, in ya huda za ta daina. Ni yarinya ce, ga kunyar surukai, ba na iya buɗe baki in ce a kai ta asibiti a kan abin da manya suka yanke. Aka jiƙa saiwa aka ɗura mata, aka ce ma a rage mata ruwa don kada cikin ya ƙara tsinkewa. Ranar Lahadi da dare na lura idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, tana kuka ba hawaye. Na ja fatar cikinta da yatsu biyu, na saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsohon zane. Da asuba babanka ya nemo mota. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta daɗe tana neman jijiya a hannu da ƙafa, ba ta ce da ni komai ba, ta dai dube ni sau ɗaya. Ba mu kai azahar ba. Allah Ya riga Ya ƙaddara kwananta, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma da na yi mata wanka na duba bakinta, haƙoran nan biyu na ƙasa ne kawai, babu wani sabo da ke tahowa.

Ban taɓa ba ka labarin haka dalla-dalla ba. Yau na ba ka ne don kai ne mai cewa a tafi ko a bari a gidanka, kuma matarka tana da irin kunyar da nake da ita a lokacin.

Haƙori yana sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, jiki ya ɗan yi ɗumi. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa. Abin da ke haɗa su lokaci ne. Daga wata shida haƙori ke fara fitowa, guda 20 kuma ba sa cika sai wajen shekara uku. A daidai wannan tsakanin ne yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana ba shi abinci da ruwa ban da nono, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. Kusan kowace rana a shekarun nan akwai haƙorin da ke hanya, shi ya sa duk ciwon da ya zo sai a ɗora masa.

Kada kuma ka biya kemis ka ce a ba ka "maganin haƙori". Kana sakandare a 2008 lokacin da maganin nan My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, har da nan Zariya. Guba ce ta shiga haɗin, ta lalata musu ƙoda, fitsari ya ɗauke. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, so ne ya kai su kanti. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi a goga masa a dasashi ya wadatar.

In gudawa ta zo, a fara ruwan gishiri da sukari na ƙulli tun a karon farko, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin takardar, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Nono da abinci kada a yanke. Zazzaɓi kuwa a yi gwajin jini na yatsa a ranar, ga damina ta kankama, sauro ba ya jiran albashi. In masu bin gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na wata-wata sun ƙwanƙwasa, a karɓa, a kuma cika na kwana ukun. Amma in ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya yi jijjiga, to ko ƙarfe biyun dare ne ka tada mota. In jijjiga ce a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta.

Ka yafe mini, na buɗe jakar kayansa na duba katin rigakafi. Na wata tara an yi, ƙyanda da shawara da sanƙarau, madalla. Amma akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15, gurbinta fayau. Mutane da yawa suna ɗauka an gama a wata tara. Kyauta ce a asibitin gwamnati. Ka ɗauki rabin yini daga wurin aiki ka kai su da kanka, a kuma auna nauyinsa a ɗiga a katin, don na ga an daɗe ba a ɗiga ba.

Batun yaye da ka ce a kawo mini shi, ba yanzu ba. Alkur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma haka suke cewa. Ku dai ƙara masa abinci. Koko tsararo cika ciki kawai yake yi. A yi kunun da kauri, a sa gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai, faten wake da manja, zogale a cikin miya, ɗan kifi a cire ƙaya. A kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya ci. In ya ƙi yau a sake gwadawa jibi, ɗure ba ya ƙara wa yaro komai sai tsoron cokali.

Sai wayar nan taka. Na ga da ya fara rigima kake miƙa masa ita. Yaro daga bakin mutum yake koyon magana, ba daga gilashi ba. Yanzu yana da kalma uku ko huɗu, yana juyowa in an kira sunansa, yana miƙo abu in an ce "kawo", wannan daidai ne. Wajen shekara biyu ake sa ran ya haɗa kalma biyu, irin "Baba zo". In ka dawo aiki ka zauna a tabarma, ka amsa masa gwarancinsa kamar kana gane shi. Babanka haka ya yi da ku, abokansa na yi masa dariya.

Kafin ya taka ɗin ma, ku kwashe kalanzir da fetur daga robar lemo, ku daina barin bokiti da ruwa a buɗe, a ɗaga filas sama. Ranar da ya fara tafiya za ka riƙa tuna kwanakin nan da ake ajiye shi a same shi inda aka bar shi.

Na ba direba saƙo a Kwangila, zai kira ka in ya iso Kawo. Akwai garin kunu na gero da gyaɗa da waken suya, na soya na niƙa da kaina, da kuka, da daddawa, da yajin matarka. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata kada maganar gwaggo ta zauna mata a rai. In an yi allurar ka ɗauki hoton katin ka turo wa ƙanwarka ta nuna mini.

Shi kuma maigidana ka faɗa masa ina fushi. Kwana shida ya yi a ɗakina bai ba da kuɗin cefane ba, ya kuma kira kaza da sunana.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana shi.

Mahaifiyarka.