Wasiƙa daga Burasel: ƙafafu biyu a cikin teku

Assalamu alaikum mutumina Habu,

Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da su Ummi. Shirun ya yi yawa, kuma kada ka ɗora mini laifi, kai ne ka canza lamba ba ka gaya wa kowa ba.

Wani zane ne ya hana ni sakat. Yana gidan adana zane-zane na masarauta a nan Burasel ta ƙasar Beljiyam, ana danganta shi da mai zane Pieter Bruegel wanda ya mutu a 1569, ko da yake masana da yawa na ganin kwafi ne, na asalin ya ɓata. Labarin Ikarus ne na tatsuniyar Girkawa, yaron da ubansa Dedalus ya haɗa wa fukafukai da gashin tsuntsaye da kakin zuma, ya ja masa kunne kada ya kusanci rana. Ƙuruciya dangin hauka, kaki ya narke, yaro ya faɗo teku.

To, nemo Ikarus ɗin mu gani! Wanda ya cika ido wani manomi ne mai jan hannun riga, yana huɗa da garmar doki, kai a sunkuye. Makiyayi ya dogara da sanda yana kallon sama, ya ba wajen da yaron ya faɗa baya. Sai can ƙasa ta dama, daf da wani jirgin ruwa, za ka hango fararen ƙafafu biyu suna shure-shure, sauran jikin ya nutse. Masunci na nan kusa, hankalinsa na kan fatsarsa. Alhali mawaƙin Rum, Obid, da ya ba da labarin, cewa ya yi mutanen nan uku sun tsaya baki buɗe, sun zaci alloli ne ke shawagi. Mai zane ya kawar musu da fuska da gangan.

Akwai makwarwa a kan reshe. A tatsuniyar, ɗan 'yar'uwar Dedalus ne, wanda Dedalus ɗin ya jefo daga sama don hassada, aka mai da shi tsuntsu. Yau ga shi zaune yana kallon ɗan kawu na nutsewa. Rana kuma ta yi ƙasa, teku luf, komai lafiya lau. Natsuwar ce ke ba ni tsoro.

Ka san ranar da ka bugo mini rasuwar Kawu ina wajen aiki. Na yi inna lillahi, na mai da wayar aljihu, na ci gaba da jera kaya har lokacin tashi. Shi ya sa na kasa zagin manomin nan, na kuma kasa wanke shi. Kai me ka gani, rashin tausayi ne ko neman abinci? Na san ka, cewa za ka yi sanyin Turai ya taɓa mini kai.

Af, da gaske ne Lawali ya ƙara aure? Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin babur ba! Kilishin da ka ce ka aiko kuma, ko ƙamshinsa ban ji ba. Ka binciki ɗan aikenka.

A gaishe mini da Hajiya da kyau.

Naka,
Sani