Zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da ranar wasan da ba a tsayar ba

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda na gaji da zaryar ofishinku, ga shi kuma har yau tallanku na yawo a Facebook da WhatsApp: biza, tikitin jirgi, otal da kujerar kallon wasan ƙwallo a filin San Siro na birnin Milan, duk a kuɗi ɗaya. Ban kama sunan kamfanin ba domin gyara nake nema, amma kun san da ku nake.

A kakar 2024/25 na biya ku domin in je Milan in kalli Inter a gida. Rasit ɗinku ya ce Lahadi, jirgin da kuka yanka mini kuma zai sauka filin jirgin Malpensa na Milan cikin daren Asabar. Ina zaune a filin jirgin Istanbul ina jiran jirgi na biyu, sai ga 'yan wasan da na biya kuɗi in gani suna fitowa fili a talabijin ɗin bango. Ashe an mayar da wasan Asabar tun makonni kafin in bar Kano, ba wanda ya kira ni, ko saƙon tes babu. Da na dawo na kai kuka, ma'aikacinku ya ce ƙaddara ce, hukumar gasar Italiya ce ta sauya rana, ku ba ruwanku.

Na yarda da ƙaddara. Amma abin da kowa ya san yana faruwa duk shekara, kuma aka sanar da shi a rubuce kafin lokaci, sakaci ne sunansa idan ya rutsa da abokin cinikinka.

An buɗe San Siro a 1926 a matsayin filin AC Milan, Inter ta shigo a 1947, tun daga nan suke karɓa-karɓa. Idan wannan tana gida a mako, waccan tana waje. Haka Roma da Lazio suke a filin Olimpico, haka Genoa da Sampdoria a Luigi Ferraris. Jadawalin da ake fitarwa kafin kaka ta fara mako kawai yake nunawa, a liƙa masa ranar Lahadi don kada gurbin ya zauna fanko. Ainihin rana da sa'a sai daga baya hukumar Serie A ke fitar da su kashi-kashi, bayan ta duba buƙatar gidajen talabijin da jadawalin hukumar ƙwallon Turai, UEFA. Wasa na iya faɗawa Juma'a, Asabar, Lahadi ko Litinin.

A kakar da na yi tafiyar, Inter da Milan duka suna Gasar Zakarun Turai, a sabon tsarin ƙungiyoyi 36 da wasanni takwas-takwas. Fili ɗaya ba ya ɗaukar wasa biyu a dare ɗaya, don haka dole a raba musu kwanaki da gida da waje. Ku duba daren 29 ga Janairun 2025, da aka buga duk wasannin ƙarshe na rukunin a lokaci guda: Inter ta karɓi Monaco a San Siro, Milan kuwa tana can Zagreb. Ƙungiyar da wasanta na Turai ya faɗo Talata, galibi ana janyo wasanta na Serie A zuwa Asabar ko Juma'a don ta samu hutu. Yaron da ke karɓar kuɗin shiga a gidan kallo na unguwarmu ya san wannan. Ta yaya kamfanin da ke karɓar miliyoyin naira a kan wannan sana'a zai ce abin ya zo masa ba zato?

Kada ma a ce halin Italiya ne. A Ingila ba a sa Manchester United da City a gida rana ɗaya, haka Liverpool da Everton, haka Arsenal da Tottenham, saboda 'yan sanda da motocin haya ba za su iya da taro biyu ba. A 2019 an juya wasan United da Barcelona na kusa da kusa da na ƙarshe, aka fara daga Old Trafford, filin United, don kada ya haɗu da na City a gari ɗaya. A shekarar dai Arsenal ta sha irin wannan juyi sau biyu a gasar Europa, da Rennes da Napoli, saboda Chelsea ce ke da fifiko a Landan. San Siro ɗin ma ba ƙwallo kaɗai ke neman sa ba: bikin buɗe gasar Olympics ta hunturu na 6 ga Fabrairun 2026 ya kori ƙungiyoyin biyu daga filin na wani lokaci, har aka yi maganar kai wasan Milan da Como birnin Perth na Ostireliya kafin a fasa.

To, ba sauya ranar ce ta ɓata mini rai ba, wannan hurumin masu gasa ne. Ku ne kuka ɗauki ranar da ba a tsayar ba kuka buga a rasit kamar yankakkiya, kuka ɗora jirgi da otal a kanta, kuka sa ni cinikin biri a sama ban sani ba. Tikitin shiga fili a Italiya da sunan mutum ake buga shi, ba abu ne da za ka miƙa wa wani a bakin ƙofa ka rage asara ba. Bizar kuma kwanakinta ƙidayayyu ne, ban isa in zauna jiran wasan Inter na gaba a gida ba. Da kun sa jirgina ya sauka Alhamis ya tashi Talata, da duk inda aka jefa wasan yana hannuna. Na san dalilin da ya hana: ƙarin kwanan otal zai ɗaga farashi, tallan ya rage daɗi.

Ga abin da nake nema. Ku mayar mini da kuɗin tikitin wasa da ladan da kuka cira na shirya tafiyar. Kuɗin jirgi da otal na bar muku, tunda dai na hau na kuma kwana. Sannan ku daina rubuta rana a rasit kafin hukumar gasa ta tabbatar da ita. Idan dole ku sayar da wuri, ku rubuta ɓaro-ɓaro, da Hausa da Turanci, cewa wasan na iya kamawa daga Juma'a zuwa Litinin, ku kuma sa ma'aikaci guda da zai riƙa bibiyar sanarwar yana kiran mutane.

Ina jiran amsarku a rubuce cikin mako biyu. Idan shiru, zan kai rasit ɗin da saƙonnin da muka yi musaya gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Kano