Alƙaluman Wata Uku-Uku Ba Sa Nuna Halin Kasuwar Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitarwa duk bayan wata uku game da jarin da ke shigowa daga ƙetare, wanda jaridu kan tsinci kanunsa su buga ba tare da sun warware wa mai karatu abin da ke ciki ba.

Duk mai bibiyar rahoton ya san cewa kusan kowane rubu'in shekara Legas ce ke kwashe kaso mafi tsoka, Abuja na biye da ita, jihohi da dama kuwa sifili ake rubuta musu. Mai karatu sai ya ɗauka ko bulo ɗaya ba a aza a Arewa ba. Alhali daga bankuna ake tattaro alƙaluman, kuma galibin kuɗin na sayen takardun lamuni ne da hannayen jari, waɗanda hada-hadarsu a Legas take. Jarin da ya dame mu shi ne irin wanda ya kafa masana'antar abincin kaji ta kamfanin Olam a ƙaramar hukumar Chikun ta Jihar Kaduna a 2017, domin shi ne ke sayen masarar manomi, ya kuma ɗauki 'ya'yanmu aiki.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma abin da ido ya nuna mini shi ne kuɗin jiharmu da damina da kaka suke tafiya. Daga Yuli zuwa Satumba kuɗi suna gona, sun tafi ga taki da maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago, har mai shagon atamfa yakan wuni yana korar ƙuda. Da zarar Nuwamba ta kama, je ka Saminaka ko Giwa ranar kasuwa ka ga manyan motoci sun yi jerin gwano, 'yan dako suna loda buhunan masara har bayan magariba. Kafin mako ya zagayo kuɗin sun zama kwanon rufi da babur da kayan ɗakin amarya. A 2023, da cuta ta cinye citta a yankin Kachia, kakar ta zo wa mutanen Kudancin Kaduna hannu rabbana, amma wanda ya dogara da jimillar ƙasa ba zai ga ɓurɓushin wannan asara ba.

Sai kuma azumi da salla, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, su kwashe cinikinsu daga wannan rubu'i zuwa wancan. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, da farashin kaya ya hau, yawan nairar da aka kashe ya daina nuna yawan mudun da aka auna.

Saboda haka ina roƙon jaridarka ta riƙa ɗauko rahoton aiwatar da kasafin kuɗi da gwamnatin jiha ke wallafawa duk wata uku, ta fassara mana shi, ta nuna nawa aka ware wa manyan ayyuka, nawa aka saki a zahiri, sannan ta gwada shi da rubu'i irinsa na bara, ta kuma jera shi da na Kano da Katsina da Neja.

Na gode.

Mai karatunka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Kawo, Kaduna.