Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu sha'awar tsofaffin bindigogin albarushi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda muka saba ga taƙaitaccen bayanin abinda muka yi bana, waɗanda basu samu zuwa mitin ba dan Allah ku karanta har ƙarshe saboda akwai abinda muke buƙata daga wajen kowa.

Fita filin harbi mun yi ta Alhamdulillah, babu wanda ya ji ko ƙwarzane, kuɗin wata ma yawanci an biya. Wannan ba sai na ja ba. Abinda ya ci mana lokaci da kuɗi bana shine neman kayan ɗura, kuma wallahi mun koyi darasi.

Libarbar da yawancinmu ke riƙe da ita a nan Amurka kwafi ce ta Colt 1851 Navy ko Colt 1860 Army ko Remington 1858, kuma kusan duka daga Italiya suke, ko ta kamfanin Uberti ko ta kamfanin Pietta, dukkansu a yankin Brescia. Uberti tun 1959 suke wannan aikin, lokacin da ake shirin cika shekara ɗari da yaƙin basasar Amurka. To mu da muka zo sababbi mun ɗauka tunda duk kamarsu ɗaya kayansu ma ɗaya ne, ashe ba haka bane. Ɗan bakin nan da ake ɗora kaf ('yar hular ƙarfen da ke kunna albarushi) a kai a bayan silinda, wanda ake ce wa nipul, tiredinsa daban daban ne, na Pietta 6 x 0.75 na milimita, na Uberti kuma 12-28 na inci. Mun yi odar nipul daga wani shago a intanet wanda ya rubuta wai yana shiga kowace iri, da kayan suka iso wani ɗan uwa ya gwada a tasa ya ji yana cijewa tun zagaye na biyu, Allah ya sa bai matsa ba da ya lalata silindar gaba ɗaya. Sifanar cire shi ma da ta zo tare, haƙoranta suka lanƙwashe a ranar farko kamar gwangwani. Daga nan muka yanke cewa arha bata ado, muka sayi mai kyau guda biyu muka sa a akwatin ƙungiya.

Dalma ma haka. Bindiga mai lamba .44 yawanci ƙwallon dalma mai faɗin inci .454 take so, mai .36 kuma .375 ko .380, kuma idan ka tura ta da sandar nan ta ƙarƙashin bututu ya kamata ka ga wani siririn zobe na dalma ya yanko ya faɗo, shine alamar ta toshe ramin da kyau. Ni dai duk lokacin da na ga zoben nan a kan teburi hankalina kwanciya yake.

Kaf da albarushi kuwa sai haƙuri. Tun da aka rufe masana'antar albarushi ta Goex da ke jihar Louisiana a 2021, kafin kamfanin Estes su saye ta a 2022, mutane suka koyi ɓoye kaya, kaf lamba 10 da 11 in ka gani a shago yau gobe babu. Ga kuma kuɗin da ake ƙarawa na aiko da kaya masu haɗari, shi yasa muka koma haɗa oda wuri ɗaya mu raba kuɗin. Ma'auni da batta da abin ɗora kaf mun samu a shagunan Dixie Gun Works da Track of the Wolf, katakon jingina bindiga lokacin ɗuri kuma wani memba kafinta ne ya yi mana kyauta, Allah ya saka masa. Wasunmu sun je garin Friendship na jihar Indiana wajen taron NMLRA, wato ƙungiyar masu bindigogin ɗuri ta baki ta Amurka, sun ce rumfunan 'yan kasuwa kaɗai sun isa a je dominsu, kana iya riƙe abu a hannu ka gwada kafin ka biya.

Magana ɗaya da bazan gaji da maimaitawa ba, kar wanda ya zuba albarushi daga batta kai tsaye cikin silinda, a fara zubawa a ma'auni. Da yawanmu mun taso muna kallon 'yan bindiga a hawan sallah, mun san yadda albarushi yake in ya haɗu da tartsatsi. Kuma hodar harsashin zamani marar hayaƙi ko kusa kada ta zo. Wanda zai koma wata jiha ya duba dokarsu tukunna, don ta New Jersey da New York ba irin ta Texas bace.

Kafin mitin na gaba kowa ya duba jikin bututun bindigarsa ya turo wa sakatare sunan kamfani da lambarta (.44 ko .36), da su za mu yi odar baɗi. Wanda kuma ya ari ma'aunin tagullar nan dan Allah ya dawo da shi akwati.