A Sa Ƙa'ida Kafin A Shigo Da WhatsApp Wurin Aiki

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya.

Ni akawu ne a wani kamfanin sayar da taki da iri a Gombe. Bara maigidanmu ya amince mu riƙa hulɗa da manoma ta WhatsApp, bayan ya daɗe yana ƙi. Ciniki ya ƙaru, ban musa ba. Manomin Kumo ko Dukku zai turo saƙon murya, a ɗora masa buhuna a mota.

Amma abin da maigida ya ji tsoro ya faru. Da layin wani yaron shago aka buɗe komai. Da aka samu saɓani ya bar aiki, sai ya tafi da lambobin abokan cinikinmu kaf, har da hotunan rasit da lissafin bashin da muke bin mutane. Wani dattijo ya zo har ofis ransa a ɓace, wai maganar bashinsa ta bazu a garinsu. Kunyar da na ji ranar ba ta misaltuwa.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare irin waɗannan bayanai. Ga kuma saƙon aiki da ke shigowa ƙarfe sha ɗaya na dare, da data da muke saya daga aljihunmu.

Ina roƙon masu kamfanoni su sayi waya da layi na ofis, su rubuta wa ma'aikata abin da ya halatta a tura.

Naka,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe